Inda Ɗan Ludo Ya Faɗi: Nazarin Mayar da Wasannin Almara na Tebur Zuwa Wasannin Bidiyo

Wasan almara na tebur wasa ne da mutum huɗu ko biyar kan zauna su yi da fatar baki, da takarda da fensir, da 'ya'yan ludo masu fuskoki daban-daban. Kowane ɗan wasa yana riƙe da tauraro guda, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, wanda aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da iya bakinsa a lambobi. Mutum ɗaya ne ba shi da tauraro, shi ne mai jan wasa. Shi ke siffanta gari da daji da kogo, shi ke magana da bakin sarki da na ɗan kasuwa da na dodo, shi kuma ke yanke hukunci idan ɗan wasa ya ce zai yi abin da littafin dokoki bai ambata ba. Aikinsa ya yi kama da na mai ba da tatsuniya, sai dai a nan masu sauraron su ne Gizo da Ƙoƙi, kuma ba su san ladabin yin shiru ba.

Tun tsakiyar shekarun 1970 masu tsara manhaja suke ƙoƙarin ɗauke wannan zama daga kan tebur su cusa shi cikin kwamfuta, tare da duniyoyin da aka ƙago masa da ƙagaggun littattafan da suka tsiro a gefensa. Tun lokacin kuma ake sukar aikin ta fuska biyu. Mutanen tebur suna cewa kwamfuta ta kwashi ƙaiƙayi ta bar tsaba, tunda na'ura ba ta jin shawarar da ba a shirya mata ba. Masu karatu kuwa suna cewa wasa yana zubar da mutuncin littafi, ya mai da tauraron da marubuci ya yi shekaru yana ginawa ɗan aiken da ake tura shi ya kashe ɓeraye a rumbun wani. Ma'auni ɗaya suke riƙe da shi dukansu, wato biyayya ga asali: doka nawa aka kiyaye, babi nawa aka bi. Ma'aunin gurgu ne, domin wasannin da suka fi yin fice a wannan fage ba su ne suka fi biyayya ba.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Shekara guda bayan haka aka fara kwaikwayonsa a kan kwamfutocin jami'a na tsarin PLATO, ba tare da izinin kowa ba. Wizardry da Ultima sun fito a 1981, sun ari tsarin lambobi da hawa mataki-mataki ba su biya ko sisi ba, daga gare su kuma Japan ta samo Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Lasisi mai nauyi ya zo ne lokacin da kamfanin SSI ya ƙulla yarjejeniya da TSR ya fitar da Pool of Radiance a 1988, a birnin Phlan na duniyar Forgotten Realms wadda Ed Greenwood ya ƙirƙiro. Faifan kwamfuta na zamanin ba ya ɗaukar rubutu mai yawa, sai aka buga bayanan labarin a ɗan littafi, wasa ya riƙa umartar mutum ya buɗe sakin layi mai lamba kaza ya karanta. An cusa sakin layi na ƙarya a tsakani, don mai leƙen gaba ya sha ƙasa.

Zubin da aka fi sani a yau ya kafu ne a ƙarshen 1998, sa'ad da BioWare, kamfanin da wasu likitoci suka kafa a Edmonton ta Kanada, ya saki Baldur's Gate a kan faifai biyar. Planescape: Torment ya biyo a 1999, Icewind Dale da Baldur's Gate II a 2000, Neverwinter Nights a 2002. Bayan nan kasuwa ta juya baya ga irin wannan wasa na tsawon shekaru, har sai da taimakon kuɗi daga magoya baya ta intanet ya farfaɗo da shi da irin su Shadowrun Returns a 2013 da Pathfinder: Kingmaker a 2018. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Ghent a Beljiyam, wanda ya fito ranar 3 ga Agusta 2023, shi ya kai nau'in inda bai taɓa zuwa ba wajen ciniki da kyaututtuka.

Kafin a je ko'ina, ya kamata a lura cewa abin da masu suka ke kira asali yana da santsi. Duniyar Midkemia, inda Raymond Feist ya kafa littattafansa, ta fara ne a matsayin filin wasan tebur na shi da abokansa a San Diego. Dragonlance ta fito a 1984 da littafi da wasa tare, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Record of Lodoss War a Japan ya fara ne a 1986 a matsayin rubutaccen rahoton zaman wasa a mujallar Comptiq, kafin Ryo Mizuno ya mai da shi ƙagaggen labari. Minsc, jarumin nan mai yawo da ɗan ɓera a Baldur's Gate, tauraron wani ma'aikacin BioWare ne a wasan tebur da abokin aikinsa James Ohlen ya ja musu tun kafin a fara aikin. Pool of Radiance kansa an mai da shi littafi a 1989. A wannan gida kaya ba ta hanya ɗaya suke bi ba, kuma duniyoyi irin su Forgotten Realms da gangan aka bar musu filaye a taswira don wani ya zo ya gina.

Abin da ke ƙaura cikin sauƙi shi ne lissafi. Kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta gajiya da tara lamba, kuma faɗan da kan ci awa biyu a tebur takan gama shi a minti biyar. Amma doka idan ta bar hannun mutum sai ta canza hali. A bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons zagayen faɗa minti ɗaya ne kuma kowa yana jiran layinsa. BioWare ta mai da shi daƙiƙa shida, ta bar kowa ya yi motsi lokaci guda, ta ba ɗan wasa maɓallin tsayar da lokaci don ya ba da umarni. Wannan karya doka ce ƙarara, kuma ita ta sa wasan ya yi daɗi. Dokar tsafi ta fi nuna matsalar. An aro ta ne daga labaran marubuci Jack Vance: matsafi yana haddace ƙulumboto da safe, yana jefa shi sai ya goge daga kansa, ba zai dawo ba sai ya yi barci. A tebur wannan yana tilasta tattali, domin mai jan wasa ba zai bar ayari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar kogon dodo bayan kowane faɗa ba, zai turo musu wani abu cikin dare ko ya ce wanda suka zo ceto ya mutu. A kwamfuta ɗan wasa yakan danna barci sau goma a kogo ɗaya. Da Kingmaker ya yi ƙoƙarin toshe ƙofar da wa'adin kwanaki da nauyin guzuri, sai 'yan wasa da yawa suka yi ta ƙorafi. Dokar tana nan yadda aka rubuta ta, wanda ke tsaron ta ne ba ya nan.

Mai son ganin iyakar biyayya ya dubi The Temple of Elemental Evil na kamfanin Troika, 2003. An daɗe ana yaba masa cewa babu wasan da ya kai shi bin dokokin faɗa na bugu na 3.5, taku bayan taku, kuma an ɗauko shi ne daga littafin kasada na Gygax da Frank Mentzer na 1985. Duk da haka ƙauyen Hommlet da mutanensa ba su zauna a zuciyar mutane ba, labarin kuma siriri ne. Wanda ya auna da mudun biyayya dole ya ɗora shi sama da Baldur's Gate II da Torment, kuma da wuya a sami mai yin hakan da zuciya ɗaya.

Aikin mai jan wasa na haƙiƙa yana bayyana ne a lokacin da ɗan ludo ya faɗi a ƙaramar lamba. Gwanin mai jan wasa ba ya sa a jefa sai akwai shakka, kuma sai in gazawa za ta haifi wani abu. Ɓarawo ya durƙusa gaban ƙofar taska yana sosa kwaɗo da siririn ƙarfe, ya jefa, ya sami 4. Mai jan wasa ba ya cewa a sake. Yakan ce ƙarfen ya karye a cikin kwaɗon, ƙarar ta kai kunnen mai gadi, ga hasken fitila yana tahowa ta lungu. Labari ya sami sabon reshe wanda babu wanda ya zauna da shi a ransa minti ɗaya da ya wuce, kuma sau da yawa irin wannan reshe ne ake tunawa bayan shekaru. A yawancin wasannin kwamfuta na farko amsar gazawa kalma biyu ce a ƙasan allo, mutum ya sake dannawa har kwaɗon ya buɗe. Ɗan ludo yana juyawa a cikin na'ura, amma jinkiri kawai yake haifarwa. Nan ne sukar mutanen tebur ke da gaskiya, nan ne kuma ya kamata a auna kowane wasa: me ya tanadar wa wanda ya gaza, ko ya yi wauta, ko ya zaɓi abin da marubuci bai so ba.

Planescape: Torment, wanda Chris Avellone ya jagoranci rubuta shi a kamfanin Black Isle, ya fara ne da cire mutuwa daga jerin gazawa. Tauraronsa marar suna yana farkawa a ɗakin ajiye gawa na birnin Sigil, jikinsa duk tabo, bai san ko shi wane ne ba, ga wani ƙoƙon kai mai surutu yana yawo a iska kusa da shi. In an kashe shi sai ya sake tashi, wani lokacin ma mutuwar ita ce mabuɗin wata ƙofa. A zance kuwa wasan bai dogara da sa'a ba, hikima da basira da kwarjinin tauraro su ke buɗe layukan magana ko su rufe su, har ana iya gama karon ƙarshe da baki kawai. Dabarar da ta fi burgewa ƙarama ce. Wani lokaci wasan yakan ba da jimla ɗaya sau biyu, kalmominta iri ɗaya, ɗaya an yi mata alamar gaskiya, ɗaya alamar ƙarya. Wanda ake yi wa maganar abu ɗaya zai ji, amma wasan yana rubuta niyyar mai maganar a halinsa. Wannan tambaya ce da mai jan wasa kan yi wa ɗan wasa a tebur, ko da gaske yake ko yaudara ce, sai ga ta a cikin na'ura. Haka kuma tauraron na iya riƙa gabatar da kansa da sunan ƙarya, Adahn. Idan ya yawaita, sai wata rana a tarar da wani mutum mai wannan suna a mashaya, ƙaryar ce ta yi jiki. Tushen duniyar Planescape, wadda David Cook ya tsara a 1994, shi ne cewa abin da aka gaskata yana zama. Littafin tebur ya faɗi haka a rubuce, wasan kwamfuta ya sa mutum ya aikata shi da bakinsa ya ga sakamakon zaune a kan kujera.

Disco Elysium na 2019 ya bi ta wata hanyar, kuma a wannan babi babu wanda ya kamo shi. Duniyarsa ta fito ne daga wasan tebur da Robert Kurvitz da abokansa suka yi shekaru suna yi a Istoniya, da kuma ƙagaggen littafin da ya wallafa a 2013. Babu takobi babu dodo, ɗan sanda ne mashayi da ya farka a otal a unguwar Martinaise ya manta sunansa. Yana da ƙwarewa 24, kowace tana magana a cikin kansa da muryarta, kuma ana gwada su da 'ya'yan ludo biyu masu fuska shida. Gwaji iri biyu ne: fari, wanda za a iya komawa gare shi bayan an ƙara ƙwarewa ko an gano wani abu, da ja, wanda sau ɗaya ne tak. Tun a safiyar farko manajan otal yana tare shi da bashin 130 na kuɗin ƙasar, na kwana da abin sha da ɓarnar da ya yi. Ɗan wasa na iya gwada sulalewa. In ya gaza, ɗan sandan yana rugawa, ya yi tsalle da baya yana yi wa manajan daƙuwa irin tasu da hannu biyu, ya faɗa kan wata tsohuwa da ke zaune a keken guragu. An zana wannan faɗuwa, an rubuta mata zance, an ba tsohuwar amsa, an ba abokin aikinsa Kim Kitsuragi abin da zai gani. Marubutan sun kashe wa gazawar lokaci fiye da nasarar, kuma wanda ya ci gwajin shi ne ya yi asarar kallo. Da zarar ɗan wasa ya fahimci haka sai ya daina tsoron ƙaramar lamba, ya fara jefawa ko da allo ya nuna masa damar kashi 17 cikin ɗari.

Baldur's Gate 3 ya mai da jefawar biki. Zance na tsayawa, ɗan ludo mai fuska 20 ya cika allo, lambar da ake nema tana sama, ƙarin da tauraro ke da shi yana jere a ƙasa, abokin tafiya na iya ƙara albarkar tsafinsa, sannan ɗan wasa ya danna da hannunsa ya ji ƙarar gangarawa. Ga kuma muryar mai ba da labari, Amelia Tyler, tana faɗin abin da tauraro ya ji ko ya tuna, wato kujerar mai jan wasa aka ba ta. A farkon wasan akwai wurin da ya nuna amfanin duk wannan. A kurmin masu tsafin daji an kama wata yarinya, Arabella, 'yar gudun hijira, ta saci gunki. Shugabar wurin, Kagha, ta tsare ta, ga maciji mai dafi yana fasa kai a gefenta. Ɗan wasa na iya lallashi, ko ya kawo hujja daga al'adar masu tsafin, ko ya yi shiru ya zuba ido. In magana ta ƙi ci, yarinyar takan firgita ta ruga, macijin ya sare ta, ta mutu nan take. Ba a rubuta cewa wasa ya ƙare ba. Iyayenta suna waje suna jira, dole a wuce ta gabansu, kuma duk abin da aka tanadar mata a babi na biyu da na uku, inda takan sake ɓullowa da wani iko da ba ta san kansa ba, ya tafi ke nan.

Lissafin da ke ƙarƙashin waɗannan biyun ya bambanta, kuma yana shafar ɗanɗano. A ɗan ludo mai fuska 20 kowace lamba tana da kashi 5 cikin ɗari. Tauraro mai ƙarin 3 da ke neman 15 yana bukatar 12 ko sama, damarsa kashi 45 ke nan, kuma gwani da ɗan koyo duk suna iya jefa 2. 'Ya'yan ludo biyu masu fuska shida kuwa suna ba da haɗi 36, shida daga ciki suna ba da 7, saboda haka sakamako yana taruwa a tsakiya, ƙwarewa ta fi sa'a nauyi. Ɗaya da ɗaya gazawa ce ko da wa ya jefa, shida da shida nasara ce, shi ya sa allon Disco Elysium ba ya wuce kashi 97 ba ya kasa kashi 3. Larian ta ɗauki irin wannan hukunci ta ɗora wa 1 da 20 a gwajin ƙwarewa, abin da dokar bugu na biyar ta 2014 ta keɓe wa kai hari, masu bin ƙa'ida suka yi gunaguni, amma tebura da yawa dama haka suke yi. Kuskuren Larian na wani wuri ne. Idan ayari ya wuce kusa da tarko ko ɓoyayyar ƙofa, wasan yana nuna alamar gazawa a saman kawunansu, sai ɗan wasa ya san akwai abin da bai gani ba ya tsaya yana laluben bango. Mai jan wasa na ƙwarai a bayan shamakinsa yake yin irin wannan jifa, fuskarsa ba ta nuna komai. Shi kuwa zaɓin da ke daidaita sa'a don kada mugun jifa ya jeru, wanda ake tarar da shi a kunne, rarrashi ne, ko da yake masu jan wasa da dama sun san sun taɓa yin irinsa a ɓoye.

Babban abokin gabar wannan dabara shi ne maɓallin komawa baya. A Baldur's Gate 3 F5 yana adana wasa, F8 yana mayar da shi, don haka Arabella na iya mutuwa sau biyar ta tashi a na shida. A tebur babu wannan, abin da ya faɗi ya faɗi a gaban shaidu. Larian ta ƙara wani mataki a ƙarshen Nuwamba 2023 mai ajiya guda ɗaya tilo, wanda ba a komawa baya a cikinsa. Magani ne, amma na tilas. Wanda ya fi shi shi ne a rubuta gazawar da mutum ba zai so ya goge ta ba, ko a jinkirta sakamako har komawa baya ta yi tsada.

Wannan dabara ta biyu daga ɓangaren littattafai ta fi bunƙasa. Matsalar ƙagaggen labari ta fi ta wasan tebur tsanani, domin littafi ya riga ya yanke abin da ya faru, alhali wasa ba ya rayuwa sai da abin da bai faru ba tukuna. The Hobbit na 1982, wanda Veronika Megler da Philip Mitchell suka tsara a Ostareliya aka kuma sayar da shi tare da kwafen littafin Tolkien, ya sake wa taurarinsa linzami: Gandalf na iya yawonsa ya faɗa hannun maƙiya, Thorin ya zauna yana waƙar zinariya ana tsaka da neman hanyar tsira. Abin dariya ne, amma ya fi wasannin da suka zo daga baya suna tisa mutum a gaba daga babi zuwa babi yana maimaita abin da ya riga ya karanta. Hanyar da ta fi inganci ita ce neman giɓi. Betrayal at Krondor na kamfanin Dynamix, 1993, an kafa shi shekaru kusan goma bayan ƙarshen littattafan farko na Feist, aka raba shi babi tara da bayani irin na littafi, aka sa sababbin taurari, Gorath da Owyn, a gaba. Neal Hallford da John Cutter ne suka tsara shi, Feist kuma ya karɓi labarin ya mai da shi littafi a 1998.

The Witcher ya bi sawun nan. Andrzej Sapkowski ya fara labaran Geralt a mujallar Fantastyka ta Polan a 1986, ya rufe babban jerin a 1999. Kamfanin CD Projekt, wanda ya yi suna da fassara Baldur's Gate zuwa harshen Polan, ya ɗauki labarin daga inda littafi ya tsaya, ya dawo da Geralt a 2007 ba ya tuna komai, a kan injin da BioWare ta gina wa Neverwinter Nights. Ba a jefa ɗan ludo a zancen waɗannan wasanni. Abin da suka ɗauko daga Sapkowski shi ne jigonsa na zaɓi tsakanin sharri biyu, suka kuma ɓoye sakamakon zuwa awanni a gaba. A kashi na uku, 2015, Geralt yana tarar da wani ruhi da aka ɗaure a gindin bishiya, yana roƙon a sake shi ya ceci marayun da wasu mayu uku na fadama ke kiwo. In an sake shi yaran sun tsira, amma ya afka wa ƙauyen Downwarren, mayun suka huce a kan Anna, matar basaraken da Geralt ke yi wa aiki, ta mutu, mijin ya rataye kansa. In an kashe ruhin yaran sun tafi, Anna ta rayu da taɓin hankali, mijin ya ɗauke ta neman magani. Kafin mutum ya ga ɗayan biyun ya yi nisa da bishiyar, kuma ko ya koma babu reshen da zai fito da hannu fari.

Sapkowski ya sayar da haƙƙin ne a kan kuɗi dunƙule, don bai yi zaton wasan zai ci kasuwa ba. A 2018 lauyoyinsa suka nemi zuloti miliyan 60, aka daidaita a Disamba 2019. Ya sha nanata cewa wasannin ba ci gaban littattafansa ba ne, kuma wannan haƙƙinsa ne. Masu kafa hujja da maganarsa don rage darajar wasannin sun haɗa tambaya biyu da ba su da dangantaka: wane ne mai labari, da kuma ko an yi aikin da kyau.

Tsadar wannan salo ita ce dalilin ƙarancinsa. Kowace gazawa da aka rubuta da kyau shafi ne da yawancin masu saye ba za su taɓa gani ba, ga kuɗin masu murya da masu zane. Vampire: The Masquerade – Bloodlines na 2004, daga wasan tebur na kamfanin White Wolf, ya sake rubuta kusan dukan zancen tauraro ga wanda ya zaɓi zuriyar Malkavian masu taɓin hankali, ya kuma sa zuriyar Nosferatu masu munin halitta bin lambatun ƙarƙashin Los Angeles don kada mutane su gan su. An sake shi bai gama nuna ba, Troika da ta yi shi ta rufe a farkon 2005, magoya baya ne suka ci gaba da ɗinke shi shekara da shekaru. Larian da duk ƙarfinta ta tsaya a mataki na 12 cikin 20 na littafin dokoki, domin tsafin da ke sama da nan yana ba ɗan wasa ikon da babu marubucin da zai iya tanadar masa amsa. Ta kuma cire ƙulumboton warware tsafi gaba ɗaya, saboda a duniyar da kusan kome tsafi ne ke riƙe da shi, sai an rubuta abin da zai biyo baya a kowane ɗaki.

An gwada gajeriyar hanya, wato a dawo da mutum kujerarsa. Vampire: The Masquerade – Redemption a 2000 da Neverwinter Nights a 2002 sun ba mutum ɗaya damar jan wasa ta intanet, ya shiga jikin kowane tauraro, ya ajiye dodo inda ya ga dama. Na biyun ya haifi ƙananan duniyoyi da masu sha'awa suka gina suka riƙe fiye da shekara ashirin. Sword Coast Legends ya sake gwadawa a 2015 bai yi tasiri ba, Divinity: Original Sin II na Larian ya saka irin wannan tsari a 2017 amma labarinsa na mutum ɗaya aka fi bugawa. Cikas ɗin a fili yake: a tebur mai jan wasa da jimla ɗaya yake gina fada, a kwamfuta sai ya yi kwanaki yana jera bango da kujeru, kuma da ɗan wasa ya juya hagu maimakon dama sai a tarar babu komai a can. Larian ba ta saka wannan tsari a Baldur's Gate 3 ba, kuma a Maris 2024 shugabanta Swen Vincke ya sanar cewa kamfanin ba zai yi kashi na huɗu ba, zai mayar wa Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons tun 1997, taurarin da duniyar, ya koma gina nasa.